Ina neman turaren mahaifina, nawa kuwa ya kunyata ni a ofis

Assalamu alaikum Kawu. Ni matashi ne ɗan shekara 29, mazaunin Zariya, bara na samu aiki a wani ofis. Tun ina makaranta nake son turare, kuma irin mai ƙarfin nan mai zaƙi da ake yayi nake sakawa. Ina fesa wuya da ƙirji da hammata da hula da gaban riga, ba na barin gaban madubi sai na ji ya kama ni. Makon jiya wata Hajiya da muke ɗaki ɗaya, sa'ar mahaifiyata, ta kira ni gefe ta ce don Allah in rage, wai duk ranar da na shigo sai kanta ya yi ciwo. Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Da na ba wadda zan aura labari, sai ta ce ita ma ta daɗe tana son faɗa mini, nauyina take ji.

Abin ya tuna mini da mahaifina, Allah ya jiƙansa. Yana da wani turare a koriyar kwalba da yake ajiyewa a kan durowa. Ba ka jin sa daga nesa, sai ka durƙusa gaishe shi ya dafa kanka. Ƙamshin kamar na sabulu da ɗanyen ganye. Ina ɗan shekara 12 ya rasu, ban riƙe sunan turaren ba. Na shiga kasuwa na sayi wani mai koriyar kwalba da araha, ko rabin awa bai yi ba ya gudu, kuma bai yi kama da wancan ba. Kawu, wane turare ne wannan? Yaya ake zaɓen turaren manya, yaya ake saka shi? Kuma ya halatta in yi sallah da na feshi, tunda an ce da giya a ciki? Bikina bayan Babbar Sallah ne in Allah ya kai mu.

Ɗanka daga Zariya

Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya jiƙan mahaifinka, ya kai haske kabarinsa, ya sanya albarka a auren da ke tafe.

Kafin mu kai ga kwalba, fara da Hajiyar ofishinku. Gobe in ka je, ka same ta ka yi mata godiya. Da yawa za su toshe hanci in ka wuce, su yi da kai a bayan idonka, ita kuwa ta kira ka gefe ta rufa maka asiri, ta yi maka abin da uwa take yi wa ɗanta. Ciwon kan da ta faɗa ma ka yarda da shi. Ƙamshi mai ƙarfi yana tayar wa masu ciwon ɓarin kai da ciwonsu, yana tayar da asma, mace mai juna biyu kuma yana iya juya mata zuciya. A ɗakin da aka rufe tagogi aka kunna na'urar sanyi, iska ɗaya ce take zagayawa daga safe har la'asar, kowa shi zai wuni yana shaƙa ko yana so ko ba ya so.

Abin da ya kai ka ga yawan fesawa halitta ce ta hanci. Idan ƙamshi ya zauna tare da mutum na 'yan mintoci, hanci yakan saba da shi, ya daina kai wa ƙwaƙwalwa labarinsa. Shi ya sa ba ka jin ƙamshin ɗakinka sai ka yi tafiya ka dawo. To kai da ka ce ba ka barin madubi sai ka ji ya kama ka, kana auna turaren ne da hancin da ya riga ya gaji, kullum sai ka ƙara, hancin ya ƙara sabawa. Mutanen da kake tararwa kuwa da sabon hanci suke tarbar ka. Riƙe wannan: in har kana jin turarenka a kowane numfashi har yamma, ya yi yawa. Wanda ya yi daidai jefi-jefi za ka riƙa jin sa, in ka motsa ko iska ta kaɗa.

Yanzu koriyar kwalbar. A zamanin da mahaifinka yake saurayi har ya zama magidanci, akwai turarukan maza uku da suka shahara da koriyar kwalba. Akwai Brut na kamfanin Fabergé, wanda ya fito a 1964, kwalbarsa mai dogon wuya, da 'yar sarƙa mai ɗauke da lamba ruwan azurfa; shi ne mai sauƙin kuɗi a cikinsu, ya shiga gidaje da yawa. Akwai Paco Rabanne Pour Homme na 1973, kwalba mai faɗi, kore mai duhu, babu wani ado a jikinta sai suna. Sai Polo na Ralph Lauren na 1978, mai murfi ruwan zinare da hoton mahayin doki ɗauke da sanda. Da Polo ne, ina jin yaro ɗan shekara 12 ba zai manta dokin ba, kuma shi ƙamshinsa ya fi nauyi, itace ne da ganyen taba da jemammiyar fata. Tunda sabulu da ɗanyen ganye ka ambata, zuciyata ta fi karkata ga Paco Rabanne. Amma akwai wadda ta fi ni sani nesa ba kusa ba. Ka sauke hotunan kwalaben nan uku a wayarka ka kai wa mahaifiyarka. Matar da ta yi shekaru tana share kan durowar nan tana ɗaga kwalbar tana mayarwa, kallo ɗaya za ta yi ta nuna maka. Ka tafi da natsuwa, don hirar za ta iya taɓa mata zuciya. Ka zauna ka saurari duk abin da ta tuno, ko da ya wuce zancen turare.

Ƙamshin sabulun nan da ka riƙe yana da asali. A 1882 gidan turare na Houbigant a birnin Paris ya fitar da Fougère Royale, haɗin wani gwani mai suna Paul Parquet. Ya haɗa furen labanda da wata gansakuka mai fitowa a jikin bishiya da wani sinadari, kumarin, mai ƙamshin ciyawar da aka yanka ta fara bushewa. Wannan haɗin ya karɓu har masu yin sabulun aski da ruwan shafawa bayan aski suka ɗauke shi, shekara da shekaru, har hancin duniya ya haddace shi a matsayin ƙamshin namijin da ya fito daga wanka ya sa wankakkun kaya. Brut da Paco Rabanne daga wannan zuriya suke, haka Azzaro Pour Homme na 1978 da Drakkar Noir na 1982. Abin da ya haɗa su shi ne babu zaƙin alewa a cikinsu. Akwai ɗan ɗaci na ganye, akwai sanyi, akwai bushewa. Wannan ne ya raba su da abin da kake sakawa yanzu.

Sai dai zan gaya maka wata magana tun kafin ka kashe kuɗinka, don kada ranka ya ɓaci. Ko ka samo ainihin turaren, na gaske, daga amintaccen shago, ba zai zama daidai da abin da ke cikin kanka ba. Dalili na farko, turaren kansa an taɓa shi. Gansakukar nan tana ɗauke da wasu sinadarai da ke sa wa wasu mutane ƙaiƙayi da ƙuraje, don haka ƙungiyar masu haɗa turare ta duniya, IFRA, ta taƙaita yawan da za a zuba, Tarayyar Turai kuma ta haramta biyu daga cikin sinadaranta tare da wani mai suna Lyral, aka gama janye su daga kasuwarta a 2021, sannan wani mai suna Lilial ya bi bayansu a 2022. Dole kamfanoni suka sake haɗin tsofaffin turarukansu. Suna ɗaya, kwalba kusan ɗaya, amma na yau ya fi na da sauƙi, zurfinsa ya ragu. Dalili na biyu shi ne ya fi girma. Abin da kake shaƙa in ka durƙusa gaban mahaifinka ba daga kwalba kaɗai ya fito ba. Akwai sabulun da yake wanka da shi, akwai turaren wutar da mahaifiyarka take turara masa kaya da shi, akwai ɗumin guga a jikin shadda, akwai fatarsa shi kansa, don turare ɗaya yakan canza daga jiki zuwa jiki. Kuma a cikin ƙwaƙwalwa hanyar ƙamshi tana maƙwabtaka da wuraren da ke riƙe tunani da shauƙi, shi ya sa shaƙa ɗaya take dawo wa mutum da ɗaki guda da mutanen cikinsa. Kewar uba kake ji, ɗana, kuma babu laifi a cikinta. Ka sayi turaren in ka gano shi, za ka ji wani yanki nasa, ka yi masa addu'a duk lokacin da ka buɗe murfin. Amma ka lura da abin da ka rubuta da hannunka: ba a jin sa daga nesa sai an matso. Wannan ɗabi'ar tasa za ka iya ɗauka tun gobe da safe, ko da kwalbar da ke hannunka yanzu.

Wajen zaɓen naka, fara da ƙasar da kake zaune. Yawancin waɗannan turaruka don yanayin Turai aka haɗa su. Zafi yana sa turare ya tashi da sauri da ƙarfi, mai zaƙi da nauyi kuma in ya haɗu da gumin bazara, watan Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi yake kai maki 40 a garuruwanmu, sai ya koma abin da ke hawa kai. Don irin wannan lokaci da zaman ofis, masu ƙamshin lemo da ganye da saiwa su ne abokan tafiya. Eau Sauvage na Dior, wanda Edmond Roudnitska ya haɗa a 1966, lemo ne da ɗoɗɗoya da ɗan fure, tsaf-tsaf, ba ya damun na kusa. Ka kula a nan: in ka ce Sauvage kawai, mai shago zai miƙo maka wani daban mai shuɗiyar kwalba da ya fito a 2015, wanda rabin samarin gari suke sakawa, kuma ƙarfinsa zai mayar da kai inda ka fito. Sai Vetiver na Guerlain, na 1959, wanda aka gina a kan saiwar wata ciyawa 'yar'uwar jemar da ke fitowa a fadamunmu. Ƙamshinsa na ƙasa ne da busasshen itace da ɗan lemo a sama. In da za a ce in zaɓa wa ma'aikaci turare ɗaya tak da zai shiga ofis da shi shekara zagaye a Arewa, shi zan ɗauka, don yana jure zafi, ba ya juyewa ya yi tsami a jikin mai gumi, kuma yana dacewa da kaftani kamar yadda yake dacewa da kwat. Wanda ya fi son ƙamshin sanyi irin na ruwa, akwai Cool Water na Davidoff na 1988, kuɗinsa ma da dama-dama.

Masu nauyin kuwa ka bar wa hunturu da dare, kuma sanyin Zariya ya isa ya ɗauke su. Nan ne Polo yake nuna kansa, da Aramis mai ƙamshin fata wanda ya fito tun tsakiyar shekarun 1960. Azzaro yana tsaka-tsaki, in aka yi masa fesa biyu yana tafiya kowane lokaci. Akwai ɗaya da za a yi ta yaba maka, Kouros na Yves Saint Laurent na 1981, mai farar kwalba. Gwanin turare ne, amma yana da wani ƙarni-ƙarni irin na jibda da kakanninmu suka sani, wanda wasu suke mutuwar so, wasu kuma ko kusa ba sa iya zama da shi. Mutumin da aka riga aka yi wa magana a ofis ba da shi zai fara ba.

Duk sunayen nan hanya kawai na nuna maka, fatarka ce za ta yanke hukunci, kuma ba a yanke shi a cikin shago. Turare hawa uku ne. Abin da ka ji da zarar an fesa, mafi yawa lemo ne da sinadarin da ke ɗauke da shi, wato alkohol, cikin kwata ɗaya na awa ya tafi. Na tsakiya yana ɗaukar 'yan awanni. Na ƙarshe, itace da gansakuka da almiski, shi ne zai wuni da kai, shi ne kuma mutane za su san ka da shi. Mai sayen turare a kan shaƙar farko ya sayi abin da zai rabu da shi kafin ya kai bakin titi. Don haka ka tafi da safe bayan wanka, ba ka shafa komai ba. A fesa maka a takarda tukuna, kada su wuce uku ko huɗu, bayan haka hanci ya rikice. Ka ware biyu. Ɗaya a hannun dama, ɗaya a hagu, amma ka naɗe hannun riga a fesa sama da gwiwar hannu. In aka fesa a tsintsiyar hannu yadda aka saba, alwalar azahar za ta wanke gwajin tun bai kai ko'ina ba. Sai ka yi wa mai shago sallama ka fita. Ka shiga rana, ka hau Keke, ka yi gumi, ka ci abinci. Bayan la'asar ka ɗaga hannun rigar ka shinshina dama, ka ɗan jira, ka shinshina hagu. Wanda har lokacin kake jin daɗinsa, bai yi tsami ba, bai sa maka nauyin kai ba, shi ne naka. Mai shagon kirki ba zai ji haushi don ka ce sai gobe ba. In ma da hali, ka sayi ɗan ɗuri na mililita 5 ko 10 daga hannun wanda ka amince da shi, ka yi mako kana sakawa kafin ka ɗauki babbar kwalba.

Za ka ga an rubuta EDT ko EDP a jikin kwali. Yawan man ƙamshin da ke ciki ake nufi: EDT yakan kama daga kashi 5 zuwa 15 cikin ɗari, EDP daga 15 zuwa 20, ragowar kusan duk sinadarin da ke ɗauke da shi ne da ɗan ruwa. Mafi yawan tsofaffin turarukan nan a EDT aka san su, kuma a zafinmu ya wadatar. Kada ka biye wa kirarin kasuwa na “wannan sai ya kwana uku a kaya”. Daɗewa daban, kyau daban. Masu lemo irin Eau Sauvage dama can ba sa daɗewa, haka halittar man lemo take, kuma ba aibi ba ne.

Wanda ka saya da araha ya gudu cikin rabin awa, kusan tabbas jabu ne, kuma jabun manyan sunaye ya cika kasuwanninmu. Araha ba ta ado. In ka ga kuɗinsa bai kai rabin yadda manyan shaguna suke sayarwa ba, ajiye shi. Juya kwalin ka duba ƙasansa, akwai 'yar lambar haɗi da ake bugawa. Fito da kwalbar ka duba gindinta, lambar nan dole ta zama iri ɗaya. Duba rubutun ko akwai harafin da ya karkace ko ya ɓace, duba ledar ko an naɗe ta tsaf ko an yi mata liƙin gaggawa, danna kan feshin ka ga ko hazo yake fitarwa ko tsartuwa. Masu jabu sun ƙware, wani lokaci duk wannan sai su tsallake, don haka amintaccen mai shago da zai karɓi kayansa in an samu matsala ya fi kowace dabara. Abin da ya fi damuna da jabu shi ne ba ka san me aka zuba ba, kuma a fatarka zai wuni. In kuɗin na Faransa ya fi ƙarfinka a bana, ga hidimar aure a gaba, babu abin kunya. Brut na gaske ko Old Spice, wanda maza suke shafawa tun 1938, ya fi jabun Dior mutunci. Haka gidajen turare na Dubai irin su Rasasi da Ajmal da Lattafa, da sunansu suke sayar da kayansu, ka san abin da ka saya. Sai dai yawancin nasu masu ƙarfi ne da zaƙi, sai ka tsaya ka tace. Ga wani lissafi kuma da zai kwantar maka da hankali: kwalbar mililita 100 tana ba da kusan fesa dubu. Mai fesa uku a rana za ta kai shi kusan shekara, mai fesa goma sha biyu kuwa ko wata uku ba za ta yi masa ba. Rage hannu kaɗai zai sa ka iya sayen mai kyau.

Sakawar kuma daga banɗaki take farawa. Turare ba ya rufe warin gumi, haɗuwa suke yi su haifi na uku da ya fi kowannensu muni. Wanka da sabulu, hammata a aske a goga alimun ko man hammata marar ƙamshi, singileti sabon wanki kullum. Daga yau turare ya bar hammatarka. In ka tsane jiki, kafin ka sa riga, ka riƙe kwalbar kamar taƙi ɗaya daga fata: fesa ɗaya a ƙirji, ɗaya a bayan wuya. Na ofis ke nan. In fita ce ta sarari ko taron dare, ƙara ɗaya. Kada ka murza, bar shi ya bushe da kansa. Amfanin sa shi ƙarƙashin riga biyu ne: ɗumin jiki zai riƙa fito da shi a hankali ta wuyan riga, sannan rana ba za ta buge shi ba, don man wasu 'ya'yan lemo in ya haɗu da hasken rana yana iya barin baƙin tabo a fata. Da hunturu, lokacin da fata take bushewa ta ƙi riƙe ƙamshi, ɗan shafa basilin marar ƙamshi a wurin kafin ka fesa.

Hula kuwa ka ƙyale ta gaba ɗaya. Ba kullum ake kai ta wajen mai wankin hula ba, turaren jiya da na shekaranjiya da gumin goshi suna taruwa a cikin zaren, bayan 'yan makonni sai ta riƙa wani bashi-bashi da mai ita ba ya ji, na bayansa a sahu shi yake sha. Farar shadda ma ka kiyaye ta, musamman daga turaren mai. Ɗigo ɗaya a gaban wuya zai bar rawayan zagaye, in dutsen guga ya bi ta kai ya zauna ke nan, kuma ka san kuɗin gezna yanzu. Wani abin da samari ba sa lissafawa: in an turara maka kaya da turaren wuta a gida, ka riga ka sa turare. Sandal da hawi da kajiji sun kama zaren tun daren jiya. A irin wannan rana fesa ɗaya ya isa, ko ma ka bar shi haka, kuma bayan aure kusan kullum haka kayanka za su kasance. In za ka dubiya asibiti, ko doguwar tafiya a motar haya, ko gaisuwar rasuwa, wanka da wankakkun kaya sun wadatar. Ita kwalbar ka bar ta cikin kwalinta a durowa, nesa da taga. Aljihun mota shi ne makashin turare a ƙasar nan. Zafin da ke taruwa a rufaffiyar mota da tsakar rana yana lalata shi cikin ɗan lokaci, ka ga ruwan ya yi duhu, saman ƙamshin ya koma tsami.

Batun sallah. Son turare sunna ne. Ya tabbata cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ba ya mayar da kyautar turare, kuma ya kwaɗaitar da wanka da shafa turare ranar Juma'a. Akwai hadisin da ya siffanta turaren maza da wanda ƙamshinsa ya bayyana launinsa ya ɓuya, wasu samari har suna kafa hujja da shi su yi wanka da kwalba. Amma shi ne kuma ya hana wanda ya ci ɗanyar tafarnuwa ko albasa kusantar masallaci saboda cutar da mutane. Ƙamshin da zai sa na kusa da kai a sahu tari ko ciwon kai ya fita daga abin da ake nema. Game da sinadarin alkohol da ke cikin na feshi, wanda ka ji ana ce wa giya, malamai sun yi saɓani. Wasu sun ɗauke shi a hukuncin giya, suka ce najasa ne, a nisance shi a jiki da tufafin sallah. Wasu, cikinsu har da Shehu Muhammad bn Salih al-Usaimin da hukumar fatawa ta Masar, sun tafi a kan cewa ba najasa ba ne, sallah da shi ta inganta. Ka zauna da malamin da kake ɗaukar karatu a wurinsa ka ji abin da ya rinjayar, ka bi da natsuwa, kada kuma ka zargi wanda ya bi ɗaya ɓangaren. In zuciyarka ta ƙi kwanciya, ƙofa a buɗe take: turaren mai babu wannan sinadarin a ciki. Akwai ud, akwai sandal, akwai farin almiski, akwai Bintu Sudan da kamfanin W.J. Bush na Landan ya fara haɗawa a 1920, wanda aka daɗe ana yin sa a Kano, kuma babu gidan da bai san 'yar kwalbarsa ba. Shi na mai da tsinken kwalbar ake ɗiba, a taɓa bayan kunne da gemu, a tsaya nan. Da yawa daga dattawanmu haka suke yi, na mai ranar Juma'a, na feshi ranakun aiki.

Saura biki. Kada ka bari sai ana gobe ɗaurin aure ka buɗe sabuwar kwalba. Ka fara sakawa wata guda kafin nan, don in fatarka za ta yi ƙaiƙayi ta yi tun da sauran lokaci. Kuma ka sa wadda za ka aura cikin zaɓen, tunda ita za ta fi kowa zama da shi. Yarinyar da ta danne abin a ranta don kada ta kunyata ka ta cancanci a tambaye ta. In ka ware biyun ƙarshe, ka je zance da ɗaya wannan makon, ɗayan mako mai zuwa, kada ka ce mata komai sai za ka tafi, sannan ka tambaye ta wanne ya fi kwanta mata, ka kuma nuna mata da gaske kake son jin amsar. Ranar ɗaurin aure za ka sha babbar riga da 'yar ciki a cikin cunkoso da rana, kayan an turara su, da dare kuma ga humrar amarya, wadda ita ya kamata a bar wa fili. Fesa uku a fata da safe ya ishe ka. Ka ba babban aboki ƙaramar kwalba ya riƙe maka, in ka sake wanka bayan magariba ka ƙara biyu. Abokai za su zo da nasu kwalaben suna neman yi wa ango ruwan turare a kan farar shadda. Tun yanzu ka gaya wa babban abokin ya tsaya maka a kan wannan.

Allah ya kai mu lokacin lafiya, ya ba ku zaman lafiya da zuriya ɗayyiba.

Kawunku